Ina Ragon Gidanmu?

Duk wanda ya taɓa zama a Nguru ko Gashua ya san yadda gari yake canjawa idan Babbar Sallah ta ƙarato. Kasuwannin dabbobi sukan cika maƙil da raguna, waɗansu daga ƙauyukan kewaye, waɗansu daga ƙetaren iyakar Nijar ta wajen Machina da Yusufari. Dillalai suna ta kai da kawowa, manyan motoci suna lodi zuwa Kudu, cinikin da ya bunƙasa tun lokacin da layin dogo ya iso Nguru daga Kano wajen 1930. A ƙofofin gidaje kuwa ga raguna ɗaure a turke, yara suna ba su harawa da dusa, suna gardamar na wane ne ya fi ƙaho.

A cikin waɗannan unguwanni akwai gidajen Kirista: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, masu shaguna, waɗansu aiki ne ya kawo su, waɗansu nan aka yanke cibiyarsu. Ranar Sallah ko kashegari, yaron maƙwabci yakan yi sallama da kwano rufe da faifai, ya ce an ce a kawo wa Mama. Uwargida ta karɓa, ta yi godiya, ta sa masa ɗan tukwici a hannu. Daga nan sai ƙaramin ɗanta ya juya wurin mahaifinsa ya ce, "Baba, mu ina ragon gidanmu? Ko mu Allah bai ce mu yanka ba?"

Iyaye da yawa sukan sallami yaron da cewa, "Mu Kirista ne, ba ma yi," ko kuma, "Namu sai Kirsimeti." Amsa ta fari ba ta koya masa kome ba. Ta biyu kuwa tana ruɗa shi, gama akuyar Kirsimeti naman biki ce kurum, ba hadaya ba ce. Tambayar yaron ta cancanci amsa mai nauyi, domin kusan ita ce tambayar da Ishaku ya yi wa Ibrahim a hanyar dutsen Moriya, kuma a kan amsarta ne dukan koyarwar ceto take tsaye.

Abin da bagade ya koyar

Maƙwabta Musulmi suna yin layya domin tunawa da biyayyar Ibrahim da neman kusanci ga Allah. Mai bi shi ma ya san labarin daga Farawa sura 22, inda Littafi Mai Tsarki ya ambaci Ishaku. Yaron ya ɗauki itace, uban ya riƙe wuta da wuƙa, yaron ya lura babu abin yanka, ya tambaya. Ibrahim ya amsa masa cewa tanadin abin yankan yana hannun Allah. Haka kuwa ya faru: aka tsayar da hannun Ibrahim, ya ɗaga ido ya ga rago maƙale da ƙahoninsa a cikin kurmi, ya miƙa shi a maimakon ɗansa. Abin lura shi ne, sunan da Ibrahim ya ba wurin yana tunasar da tanadin Ubangiji ne, bai ambaci ƙarfin halin Ibrahim ba.

Shari'ar Musa ta shimfiɗa wannan darasi dalla-dalla. Surori 7 na farkon Littafin Firistoci sun tsara hadayu iri 5: ta ƙonawa, ta gari, ta salama, ta zunubi, da ta laifi. Abubuwa uku suna ratsa su duka. Na fari, hadaya tana da tsada. Dole dabbar ta zama marar aibu. Annabi Malakai ya tsauta wa masu kawo makauniyar dabba ko gurguwa, ya ce su gwada kai wa gwamnansu irinta su gani. Dauda kuma ya ƙi karɓar masussukar Arauna kyauta, ya biya shekel 50 na azurfa, don ba ya so ya miƙa wa Allah abin da bai ji ciwon rabuwa da shi ba (2 Sama'ila 24).

Na biyu, hadaya tana da ma'anar madadi. Mai kawo dabba yakan ɗora hannunsa a kanta kafin a yanka, wato yana shaida cewa abin da zai same ta shi ya cancanta. A Ranar Kafara, sau ɗaya a shekara, ana kawo bunsuru 2. A yanka ɗaya, babban firist ya shiga da jininsa Wuri Mafi Tsarki. Ɗayan kuwa a hurta laifofin jama'a a kansa, a kore shi zuwa jeji (Firistoci 16). Mutumin da ya taɓa tsayawa a bayan Yusufari ya ga tudun yashi yana miƙewa har inda ido ya ƙare, ba zai sha wahalar gane hoton ba: abin da aka kora can ba ya dawowa.

Na uku, Allah ne ya buɗe ƙofar, kuma bai rufe ta ga matalauci ba. Wanda ba shi da halin tunkiya ya kawo kurciya 2 ko 'yan tattabara 2, wanda ko wannan ya gagare shi ya kawo ɗan gari (Firistoci 5). Hadayar tsuntsaye ce Yusufu da Maryamu suka kai Haikali bayan haihuwar Yesu (Luka 2:24). Da girman dabba ne yake sayen gafara, da mawadata kaɗai ne za su tsira.

Duk da haka annabawa ba su bar jama'a su sakankance da bagade ba. Sama'ila ya faɗa wa Shawulu cewa biyayya ta fi yanka daraja. Ishaya, Amos da Mika sun yi wa mutanen zamaninsu kashedi cewa Allah ya gaji da hayaƙin hadayun masu danne marayu da gwauraye. Zabura ta 50 ta tuna musu cewa dabbobin jeji da na tuddai duk nasa ne, ba yunwa yake ji ba. Maimaita yankan kowace shekara ma shaida ce cewa aikin bai kammala ba. Maganin da ake sha kullum yana kwantar da ciwo ne, bai tumɓuke shi ba.

Tambaya mai wuya

Sabon Alkawari ya ce abin da bagade yake nunawa daga nesa ya cika a kan gicciye. Yohanna Mai Baftisma ya kira Yesu Ɗan Rago na Allah. Yesu da kansa ya ce ya zo ne domin ya ba da ransa fansa saboda mutane da yawa (Markus 10:45). An gicciye shi a lokacin Idin Ƙetarewa, lokacin da Yahudawa suke tunawa da jinin ɗan ragon da aka shafa a dogaran ƙofa a Masar.

A nan ne mai tunani yakan tsaya, kuma yana da gaskiya ya tsaya. Yaya za a kira shi adalci, marar laifi ya mutu domin mai laifi? Alƙalin da ya saki ɓarawo ya ɗaure maƙwabcinsa, ai azzalumi ne. Kuma idan Allah mai iko duka ne, me ya hana shi yafewa da baki kawai, ba tare da jini ba? Abokan makaranta da abokan aiki suna yi wa 'ya'yan masu bi wannan tambaya a Gashua da Nguru, kuma ba duka ne suke yi don tsokana ba.

Ikilisiya ta daɗe tana nazarin wannan. Waɗansu malaman farko sun ɗauka an biya fansar ga Shaiɗan ne, kamar yadda ake kai kuɗi ga masu garkuwa da mutane. Giregori na Naziyanzus ya ƙi wannan tun a ƙarni na 4, yana ganin abin kunya ne a ce ɗan fashi ya karɓi lada. Anselm, akbishop na Kantabari a Ingila, ya rubuta wajen 1098 cewa mutum ne yake da bashin amma ba zai iya biya ba, Allah ne yake iya biya amma ba a binsa kome, don haka sai wanda yake Allah kuma mutum. Abelad na Faransa, wanda ya rasu a 1142, ya fi jaddada cewa gicciye yana nuna ƙaunar da take narkar da taurin zuciya. Kowanne ya riƙe wani sashe na gaskiyar.

Amma amsar da za a iya ba yaro tana nan kusa, a cikin kasuwa. A ce mai shago a Nguru ya ba wani buhunan hatsi bashi, mutumin ya cinye, ya kasa biya. Mai shagon ya dube shi ya ce ya yafe. Shin hatsin ya dawo? Bai dawo ba. Asarar tana nan, sai dai ta tashi daga wuyan mai cin bashi ta koma wuyan mai yafewa. Babu gafarar da ba ta da mai ɗaukar nauyinta. Matar da ta yafe wa mijin da ya ci amanarta ta san haka, uban da ya karɓi ɗan da ya zubar masa da mutunci ya san haka. Mai yafewa yakan haɗiye abin da yake da ikon ramawa.

Saboda haka misalin alƙali da maƙwabci bai dace da gicciye ba. Allah bai kamo wani na uku ya ɗora masa ba. Bulus ya rubuta cewa Allah ne da kansa yake cikin Almasihu yana sulhunta duniya da kansa (2 Korintiyawa 5:19). Wanda aka yi wa laifin shi ne ya ɗauki asarar. Yesu kuma ya faɗa a fili cewa babu mai ƙwace ransa, shi ne yake bayarwa da yardarsa (Yohanna 10:18). Rago ba ya sanin abin da ake shirin yi da shi, jansa ake yi da igiya. Almasihu ya sani, ya yi addu'a a Getsamani har guminsa ya ɗiga, sa'an nan ya tashi ya tafi da ƙafarsa. Tashinsa daga matattu a rana ta uku shi ne shaidar cewa an karɓi hadayar.

Mutanen Gashua da kewaye suna da wani misali mai zafi. Shekaru da yawa ciwon ƙoda yana addabar yankin Bade da garuruwan da suke bakin kogin Yobe, har masu bincike na Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu suka shiga nazarin musabbabinsa. Wanda ƙodarsa ta lalace yana bukatar wankin ƙoda sau 2 ko 3 a mako. Wankin yana tsawaita rai, amma dole a maimaita shi, gona da shanu suna ƙarewa a kansa. Abin da yake canja labarin shi ne dashe, aikin da aka fara cin nasararsa a Amurka a 1954 tsakanin tagwaye, kuma Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara yinsa a 2002. Mai lafiya ya kwanta a yanka shi domin marar lafiya ya rayu. Babu wanda yake kiran wannan zalunci, da sharaɗi ɗaya: mai bayarwa ya bayar da yardarsa, ba a tilasta shi ba, ba a saya daga hannunsa ba. Misalin yana da iyaka, gama mai ba da ƙoda yana rage wa kansa guda, Almasihu kuwa bai rage kome ba. Amma yana nuna bambancin abin da ake maimaitawa da abin da ake yi sau ɗaya.

Ba a biyan kuɗin kyauta

Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, surori 9 da 10, tana nanata cewa Almasihu ya miƙa kansa sau ɗaya tak, bayan haka ya zauna, alamar aiki ya ƙare. Lokacin da Romawa suka rushe Haikalin Urushalima a shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu, yanka ya tsaya a can, amma masu bi ba su rasa kome ba, domin sun riga sun daina dogara ga wancan bagade. Wannan ne ya sa babu rago a turken gidan Kirista.

Sai dai bagaden da aka rushe a waje yana da saurin ginuwa a cikin zuciya. Gidan da yake da majinyaci yakan kai matsayin da zai kama kowace igiya. Wani ya zo ya ce a shuka iri mai tsoka a hannun wani mai wa'azi, Allah zai amsa gwargwadon abin da aka ba da. Wani ya raɗa cewa akwai boka a wani ƙauye, baƙin bunsuru kawai yake bukata. Sunayen biyu sun bambanta, amma tunanin ɗaya ne: wai Allah, ko wani iko, yana jiran a biya shi kafin ya ji tausayi. Siman mai sihiri ya yi wannan tunani a Samariya, ya miƙa wa manzanni kuɗi, Bitrus kuwa ya tsauta masa ƙwarai (Ayyukan Manzanni 8). Kuɗin da ya kamata ya tafi asibiti ya tafi aljihun mai wayo, majinyaci ya rasu, iyali kuma su ragu da zargin kai, wai ba su ba da abin da ya isa ba. Allahn da ya riga ya ba da Ɗansa tun mutane suna masu zunubi (Romawa 5:8) ba ya ciniki da hawayen gwauruwa.

To, ina matsayin baiko, da zakka, da azumi, da hidima? Bahaushe ya ce yaba kyauta tukwici. Uwargidan da ta sa wa yaron maƙwabci tukwici ba kuɗin naman ta biya ba. Da za ta auna naman ta aika da farashinsa na kasuwa, da ta ci mutuncin maƙwabcinta, da zumunci ya lalace. Tukwici alama ce cewa kyautar ta iso, an kuma ji daɗinta. Haka duk abin da mai bi yake miƙa wa Allah yake. Ibraniyawa sura 13 ta ambaci yabo, da yin nagarta, da raba abin hannu da waɗansu a matsayin hadayun da suke faranta wa Allah rai. Bulus kuma, bayan surori 11 yana bayyana jinƙan Allah, sai ya roƙi Romawa su miƙa jikunansu hadaya mai rai (Romawa 12:1). Jinƙai ne ya riga, miƙawa ta biyo baya. Wanda ya juya wannan tsari ya juya Bishara.

Wa yake ɗauke da itacen?

Akwai ma'auni guda wanda gicciye ya bar wa kowane gida: hadaya ta gaskiya, mai miƙawa ne yake jin zafinta. Littafi Mai Tsarki ya adana labarin waɗanda suka miƙa waɗansu. Yefta ya yi wa'adi da gaggawa, 'yarsa ce ta biya (Alƙalawa 11). Kayafa ya ga ya fi sauƙi mutum ɗaya ya mutu domin a tsira da matsayi (Yohanna 11). Yesu ya tsauta wa waɗanda suke keɓe dukiyarsu da sunan Allah don su guje wa kula da iyayensu (Markus 7). Dukansu sun yi magana da harshen addini, amma wani ne ya ɗauki itacen.

Wannan ma'auni yana shiga har cikin ɗaki. Uban da ya cire 'yarsa daga makaranta don ɗansa ya ci gaba, alhali bai rage kome daga jin daɗin kansa ba, bai yi sadaukarwa ba, 'yar ce ya sadaukar. Dattawan da suke ce wa matar da ake duka ta koma ta ɗauki gicciyenta, ba tare da sun kira mijin sun tsauta masa ba, sun mai da gicciye sanda, ga shi kuwa Afisawa sura 5 miji ne ta umarta ya ba da kansa domin matarsa. Dangin da suka taru suka matsa wa ƙaramin ƙane marar murya ya ba da ƙodarsa, sun mai da kyauta ƙwace. Ikilisiyar da take riƙe albashin fasto wata da watanni tana yaba masa don haƙuri, ya kamata ta tambayi kanta wa yake biyan kuɗin wannan haƙuri, ita ko 'ya'yansa.

A kan hanyar Damaturu zuwa Gashua akwai garin Dapchi. Ranar 19 ga Fabrairu 2018 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 110 daga makarantar sakandaren 'yan mata ta garin. Biyar suka rasu a hannunsu. Ranar 21 ga Maris aka dawo da sauran, ban da Leah Sharibu, wadda take da shekara 14 a lokacin. Abokan karatunta sun ba da labari cewa an riƙe ta ne don ta ƙi barin bangaskiyarta. Dole a rarrabe abu biyu a nan. Abin da aka yi mata, da abin da aka yi wa 'yan'uwanta Musulmi da suka rasu, zalunci ne, Allah bai nema ba, bai kuma ji daɗinsa ba. Abin da ita ta miƙa, wato amincinta, shi ne hadaya mai rai. Ba ta sayi ceto da shi ba, amsa ce ta ba wanda ya riga ya saye ta. Ikilisiyar da take ambaton sunanta a wa'azi tana da hakkin ci gaba da addu'a, da tuna wa hukuma nauyin da yake kanta na kare 'ya'yan jama'a, da riƙe hannun iyayen da aka raba da 'ya'yansu, na kowane addini. Yabon sadaukarwar wani daga inuwa abu ne mai arha.

Amsar da yaron yake jira

Game da naman da ke cikin kwano, masu bi ba su zama baki ɗaya ba. Waɗansu suna ci da godiya, suna ganin alherin maƙwabtaka ne. Waɗansu lamirinsu bai ba su ba. Romawa sura 14 ta hana mai ci raina marar ci, ta hana marar ci hukunta mai ci. Abin da bai dace da kowa ba shi ne a wulakanta hannun da ya miƙo alheri. Idan Kirsimeti ko Ista ta zo, kwanon ya koma gidan maƙwabci cike da shinkafa da nama, kamar yadda aka saba tun kaka da kakanni.

Amma yaron bai tambaya game da nama ba, ya tambaya game da rago. Uba mai hikima zai zaunar da shi a tabarma, ya buɗe masa Farawa sura 22, su bi Ishaku har kan dutse. Sa'an nan ya faɗa masa cewa gidansu ma yana da Ɗan Rago, Allah ne ya tanada, an miƙa shi sau ɗaya a bayan birnin Urushalima, ya kuwa isa har abada. Ya nuna masa cewa gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a Jibin Ubangiji tunawa ce da wannan. Idan yaron ya sāke tambaya, "To, mu me za mu ba Allah?" uban ya kama hannunsa su tafi gaida majinyacin da ke kwance a unguwa, da ɗan abin da Allah ya hore musu. A hanya ya bayyana masa ma'anar tukwici.